Tsohon babban babur don doguwar tafiya daga Maraɗi: wanne za a saya, kuma yaya za a riƙe shi?

Tambaya: Ni malamin gona ne a nan Maraɗi. Aikina yana kai ni Dakwaro da Mayahi da Tasawa, wani lokaci har Damagaram, kuma ƙaramin babur ɗina ɗan 125 yana gajiyar da ni ƙwarai a doguwar hanya. An yi mini tayin manyan babura biyu na hannu da aka shigo da su daga Turai, Honda Transalp 600 da Yamaha XT600E, duka ƙirar shekarun 1990, a farashin da zan iya biya. Wanne ya fi dacewa da ni, kuma mai albashi irin nawa zai iya riƙe irin wannan babur?

Amsa: Ƙanena, na yi shekara fiye da 25 ina gyaran babura a garin nan, kuma waɗannan biyun da ka ambata duk sun sha shiga hannuna. Idan takardunsu duka biyun sun cika, kuma lafiyarsu ta yi kusa da juna, XT600E nake ba ka shawara ka ɗauka. Amma ina so ka fahimci dalilin, domin dalilin ne zai taimake ka ranar da ka je dubawa ka tarar cewa wanda na zaɓa maka shi ne ya fi lalacewa.

Ba ina raina Transalp ba ne. Honda ta fito da shi a 1987, injinsa mai silinda biyu ne, ruwa ke sanyaya shi, kuma a kan kwalta, misali daga nan zuwa Ƙonni ko zuwa Yamai mai nisan fiye da kilomita 650, ya fi XT daɗin zama nesa ba kusa ba, ga gilashin gaba da ke tare maka iska, ga kujera mai faɗi, ga inji marar jijjiga. Da a ce aikinka na kan babbar hanya ne kaɗai, da shi zan ce ka saya. Sai dai ka ce Dakwaro da Mayahi, kuma na san malamin gona ba ya tsayawa a inda kwalta ta tsaya, sai ya shiga ƙauyuka, inda hanyar amalanke ce da rairayi mai zurfi. Transalp cike da mai yana kaiwa kilo 200 ko kusa da haka, kuma ranar da ya kwanta maka a cikin yashi da tsakar ranar bazara, babu kowa kusa, za ka san nauyinsa. Bayan nauyi, akwai yawan abin da zai iya lalacewa: kafireto biyu da sai an daidaita su da juna, buji huɗu (abin da ƴan'uwanmu na Katsina ke kira fulogi), radiyata da fanka da tiyon ruwa, da kuma akwatunan wuta biyu da ake kira CDI, waɗanda a ƙirar farko suke ƙarƙashin kujera, kuma an san su da mutuwa har silinda ɗaya ta daina aiki a tsakiyar tafiya. Ƙaya ɗaya ko tsakuwa ɗaya da ta huda radiyata a bayan Dakwaro ta isa ta tsayar da kai kwana biyu.

XT kuwa silinda ɗaya gare shi, iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da radiyata, kuma ya fi Transalp sauƙin nauyi da kilo masu yawa. Asalinsa ma yana da alaƙa da ƙasarmu. Kakansa XT500, wanda ya fito a 1976, shi ne ya ci tseren Faris zuwa Dakar na farko da na biyu, a 1979 da 1980, a hannun Bafaranshe Cyril Neveu, kuma lokacin da Yamaha ta fitar da XT600 mai babban tanki a 1983, sai ta sa masa sunan hamadarmu ta Tenere. XT600E da aka yi maka tayi ya fara fitowa a 1990 da sitata ta lantarki, aka ci gaba da ƙera shi har zuwa 2003 ba tare da an sauya injin sosai ba, shi ya sa kayan gyaransa na hannu suke da ɗan sauƙin samu a kan na wasu. Abin da ya fi komai muhimmanci a wurina shi ne, duk makanikin da ya ƙware a ƙananan babura, idan mai hankali ne, zai iya gane yadda wannan injin yake aiki, domin tsarinsu ɗaya ne, girma ne ya bambanta su. Yana da nasa aibin. Yana jijjiga hannu a doguwar kwalta, kujerarsa tana gajiyarwa bayan awa biyu, kuma tankinsa lita 13 ne zuwa 15 bisa ga shekarar ƙira, alhali yana shan wajen lita 5 a kowace kilomita 100, wato kusan ninki biyu na abin da ɗan 125 ɗinka yake sha. Ka lissafa wannan da kanka: Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, don haka tanki ɗaya da ƙyar zai kai ka, dole ka saba da ƙara mai a Tasawa.

Kafin ka taɓa mabuɗin ko wanne daga cikinsu, ka fara da takardu. Garin nan kan iyaka yake, kuma babur na sata yana tsallakowa ta kowace kafa. Ka nemi kart giriz, wato takardar rajistar babur, da takardar duwan, wato ta kwastan, ka durƙusa da kanka ka karanta lambar shasi da aka buga a wuyan babur, ka gwada ta da abin da ke rubuce harafi bayan harafi. Idan ka ga alamar an kankare wurin, ko an shafa masa sabon fenti shi kaɗai, ka tashi ka tafi komai arahar da aka yi maka. Babban babur da ba a biya masa duwan ba, abin da za ka kashe kafin ka sa masa lamba zai iya cinye dukan rangwamen da ka samu. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu, a kai ta a buga mata hatimin hukuma, sannan ka tabbata farminka, wato lasisin tuƙinka, ya halatta maka tuƙa babur mai wannan girman, ka kuma yi inshora.

Ranar dubawa, ka ce da mai shi kada ya tada injin kafin ka iso, ka kuma je da sassafe. Ka ɗora hannunka a kan silinda, idan ka ji ɗumi to an tada shi don a ɓoye maka wahalar tashi. Injin da ya kwana yana faɗin gaskiya a minti biyar na farko. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa yana nufin yana ƙona baƙin mai, ko dai zoben fistan ya ci, ko robar bawul ta bushe. Baƙin hayaƙi matsalar kafireto ce, wannan mai sauƙi ne. Ƙara kamar ana buga ƙaramar guduma daga ƙasan inji, wadda take ƙaruwa idan an murɗa totur, ita ce mai tsada, kada ka yarda a ce maka za ta ɗauke idan ya yi zafi. Ka hau ka bi giyoyin duka biyar. A XT ka saurari giya ta biyar musamman, domin an san haƙoranta suna cinyewa idan mai babur ya saba jan ta a hankali, kuma alamar ita ce wani kuka mai tsini da ba ka ji a ta huɗu. A Transalp kuma ka sa a cire murfin ƙaramar tayar haƙori ta gaba da ke jan sarƙa, ka girgiza ta da hannu, idan tana wasa a kan sandarta to zanen sandar ya cinye, kuma gyaran wannan sai an raba inji gida biyu. Daga nan sai batir: a zaune ya nuna wajen bolt 12.6, idan inji yana aiki an ɗan ƙara wuta ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka ko sama da haka, regilata ko nadin wayar caji yana da matsala. Kada ka dogara da lambar kilomita da ke kan agogo, ka dubi robar da ake ɗora ƙafa da faifan birki, su ba a iya mayar da su baya.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin tambayarka. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma babur mai shekara wajen 30 ko da injinsa lafiya lau yake, duk abin da aka yi da roba a jikinsa ya tsufa. Shawarar da nake ba kowa ita ce ya raba kuɗin da ke hannunsa gida uku, ya sayi babur da kashi biyu, ya ajiye kashi ɗaya don watan farko. Idan farashin da aka faɗa maka zai cinye duka ukun, to ba ka kai sayensa ba tukuna, ka ƙara haƙuri. Wannan kashi na ukun zai tafi ne a tayoyi biyu da tub, da sarƙa tare da tayoyin haƙorinta na gaba da na baya, waɗanda ake sauyawa tare, da takalmin birki da man birki, da wayar kuloci da ta totur, da batir, da robar da ke haɗa kafireto da inji, wadda a XT takan tsattsage har iska ta riƙa shiga ta gefe. Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2315 tana nufin mako na 23 na 2015. Tayar da ta haura shekara shida ko bakwai ta bushe, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta yi mata sassauci. Ka sani kuma cewa tayar gaba mai inci 21 da ta baya mai faɗi mai inci 17 ba kullum ake samunsu a kasuwar garin nan ba, sau da yawa sai an aiko daga Kano ko Yamai, don haka mai irin wannan babur yana sayen taya tun kafin ta hannunsa ta ƙare.

Abin da ke kashe waɗannan injina a ƙasarmu ƙura ce, kuma a nan nake so ka tsaya sosai. An ƙera su ne don hanyoyin da ƙura ba ta da yawa, littafinsu ma da wannan lissafin aka rubuta shi. Mu kuwa daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ce ɗauke da ƙasa mai laushi kamar gari, sannan duk babbar motar da ta wuce ka a hanyar jar ƙasa sai ta lulluɓe ka. Wannan ƙurar idan ta wuce matacin iska ta shiga silinda, tana haɗuwa da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin zobe da bangon silinda a hankali ba tare da ka ji komai ba, sai ranar da ka ga hayaƙi. Na taɓa gyara wa wani mutum injin XT tun daga ƙasa har sama, sabon fistan, sabon zobe, na miƙa masa shi yana aiki kamar agogo. Bai cika wata biyar ba ya dawo da shi yana hayaƙi, ransa a ɓace, yana ganin aikina ne bai yi kyau ba. Da na buɗe akwatin iska sai na tarar wani mai gyara a bakin hanya ya ga babur ɗin yana shaƙewa saboda matacin ya toshe, maimakon ya sauya shi sai ya huda shi da ƙusa wurare da yawa don iska ta wuce. Abin ya yi mini zafi har yau, domin kuɗin sabon mataci bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da mutumin ya sake kashewa ba. Saboda haka ka san irin matacin da ke cikin naka. Idan na soso ne, a wanke shi, a bar shi ya bushe sarai, a shafa masa mai har ya ratsa ko'ina, a matse rarar, domin soso busasshe ba ya tare komai. Idan na takarda ne, ba a wanke shi da esansi, wato fetur, ko ruwa, ana kaɗe shi a hankali ko a hura masa iska daga ciki zuwa waje, idan ya yi baƙi a sauya. Ka shafa ɗan giris a bakin da yake zama don kada ƙura ta bi ta gefe. A lokacin hunturu ka buɗe shi duk mako, bayan kowace tafiyar ƙauye kuma ka buɗe shi a daren da ka dawo. Mai soso ya sayi biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a shirye cikin leda.

Bayan ƙura sai baƙin mai. Injin da iska ke sanyaya shi, mansa ma yana ɗauke wani kashi na zafin, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mai yana gajiya da wuri. Littafin kamfani yana ba da kilomita 6,000 ko fiye tsakanin juyen mai da juye, ni kuwa a nan ba na barin abokin cinikina ya wuce 3,000, kuma a kowane juye na biyu a sauya matacin mai. Ka nemi mai kauri irin 20W-50 wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan ɗinsa, domin kulocin babur a cikin wannan man yake wanka, kuma wasu mayukan mota na zamani suna da sinadarin santsi da ke sa kuloci zamewa. Ka saya a rufe daga wurin da ka amince da shi, man da ake aunawa a kwalba ba na wannan injin ba ne. Akwai wani abu na musamman a XT da ke ruɗar makanikai da yawa: ba a ƙasan inji man yake taruwa ba, a cikin ƙarfen shasi yake, ma'auninsa yana can sama kusa da wuya. Idan babur ya kwana, man yakan gangara ƙasa, ka zaro ma'auni ka ga kamar babu komai, sai a ƙara lita guda a cika shi fiye da ƙima har ya fara fesowa ta akwatin iska. Ƙa'ida ita ce a tada inji ya yi minti da yawa yana aiki, a kashe, a tsayar da babur a miƙe, sannan a auna.

Esansi kuma, tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 samun mai tsabta a gidajen mai ya yi sauƙi a manyan garuruwa, amma a ƙauye dole wata rana ka sha na ƴan ruwa-ruwa. Ka riƙa tafiya da ɗan ƙyalle mai tsabta da mazurari don tacewa, ka sa ƙaramin mataci a kan tiyon da ke tsakanin tanki da kafireto, kuma duk wata ka kwance ɗan kusar da ke ƙasan kafireto ka zubar da ruwa da dattin da suka kwanta. Idan za ka ajiye babur fiye da mako uku, ka rufe famfon mai ka bar inji ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa. Buji kuma, ka riƙe sabo ɗaya a jaka, kuma launinsa yana gaya maka lafiyar inji: ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, fari fat yana nufin iska ta yi yawa kuma inji yana zafi fiye da ƙima.

Sarƙa a yashi ba ta son giris mai kauri, yana kama ƙasa ya cinye ta. Ka wanke ta da kananzir, ka sa mata mai kaɗan ka goge rarar. Kada ka bari a ɗaure ta tamau kamar ta ƙaramin babur, domin ƙafar baya ta waɗannan babura tana da dogon lilo, kuma sarƙar da aka matse tana jan sandar giya duk lokacin da ka faɗa rami. Wannan kuskuren ne ke jawo cinyewar da na ce ka duba a Transalp. A auna sakinta kana zaune a kai, da kayan da ka saba ɗauka.

A kan makaniki zan faɗi abin da wasu abokan sana'ata ba za su so ji ba. Ka zaɓi mutum ɗaya ka tsaya a kansa, kuma ka zaɓi wanda yake aunawa kafin ya kwance. Bawul ana gyara tazararsa ne inji yana sanyi, da ma'aunin ƙarfe mai lamba, ba da kunne ba. Kusoshin injin nan a cikin alminiyam suke shiga, wanda ya saba ɗaurewa da dukan ƙarfinsa zai tsinke maka zare. Wanda ya fara yanke wayoyi yana haɗawa da leda don neman inda wuta ta ɓace, ka karɓi babur ɗinka cikin mutunci ka tafi. Ka samo littafin gyaran ƙirarka ta intanet, akwai shi da Faransanci, ka buga shafukan da ke da lambobin awo ka kai masa. Makanikin kirki zai yi murna da su.

Game da tafiyar kanta, ƙayar aduwa da ta bagaruwa su ne abokan hanyarka, don haka tub na tayar gaba, kayan faci, ƙarfen cire taya biyu da famfon hannu ba sa barin jakarka, kuma ka koyi cire taya a gida kafin ranar da za ka buƙaci hakan a daji. Idan ka shiga rairayi ka rage iskar taya kaɗan, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta, in ba haka ba zafi zai fasa tub. Ka sa hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu ko da zafi ya kai inda ya kai, domin wannan babur yana gudun da ɗan 125 bai taɓa yi ba, alhali jaki da akuya da amalanke ba su sauya halinsu ba. Kada ka yi tafiyar dare. Ka riƙa tambayar halin tsaro kafin ka nufi ƙauyukan kan iyaka ta wajen Madarumfa da Gidan Rumji, kuma idan aiki ya kai ka wata jiha ka bincika dokarta tukuna, domin an hana zirga-zirgar babura a Diffa a 2015, aka kuma yi haka a sassan Tillaberi daga 2020.

Idan ka saya, kada tafiyarka ta farko ta zama Damagaram. Bayan an gama gyaran watan farko, ka cika tanki ka je Tibiri ka dawo, ka duba ƙasan inji ko akwai ɗigo, ka sake bin kusoshi. Washegari ka je Cadawa ka dawo, ka sake cika tankin ka rubuta lita nawa ya sha a kilomita nawa, ka auna baƙin mai kamar yadda na bayyana. Ka sayi ɗan littafi ka ajiye a ƙarƙashin kujera, ka riƙa rubuta ranar kowane juyen mai da kilomitar da aka yi shi. Idan ya yi maka irin waɗannan gajerun tafiye-tafiye na mako biyu man bai ragu ba, batir bai yi sanyi ba, sai ka ɗaura kayanka ka nufi Dakwaro.